Ƙwayoyin Zuciyar Baba

Jega, Litinin

Yaya Shafi'u,

Assalamu alaikum. Ya Aliero, ya aikin kemis? Sati guda ina neman wayarka ba ta shiga, shi ya sa na ba direba takarda. Wallahi na kasa zama! Na gani a waya wai masu bincike na gwada maganin ciwon zuciya kan ciwon dajin ƙwan mahaihwa, irin na Inna sak. To ba maganin zuciya Baba shike sha ba? Tun makon jiya na buga mishi waya can gida Mungadi, na karanta mishi har sau biyu. Sai ya ce, "Allah shi yi miki albarka." Kai ka san magani, hwaɗa min guda nawa za a ba ta. A gaida Anti Raihana.

Ƙanwarka,
Lailatu

Aliero, Talata

Lailatu,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa, wayata ce ta lalace. Abin da kika gani gwaji ne, ba a kammala ba, kuma maganin zuciya iri-iri ne. Babu likitan da ya rubuta wa Inna shi. Ko ƙwaya ɗaya kada a ba ta. Baba ne ya hana ni sukuni. Kin san ko goro ya samu sai ya raba da Inna. Na ari waya na kira shi, bai ɗauka ba. Ki hau motar Maiyama gobe da sassafe, ki sauka Mungadi. Allah Ya tsare.

Yayanki,
Shafi'u

Mungadi, Laraba

Yaya,

Salam. Na iske Inna kwance, amai da juwa. Baba kau ƙahwahunai sun kumbura, takalmi bai shiga, kwana ukku bai leƙa gonar albasa ba. Ashe tun randa na karanta mishi ya daina shan nashi, shina jiƙa mata cikin hura, wai in su biyu na sha ƙwayoyin za su ƙare. Da na hwashe da kuka sai ya ce, "Ke ɗiyar nan, ba ke kinka ce shina magani ba? Ni na sha shekara ukku, ita ma ta samu." Yaya, mi zan ce mishi? Mun samu mota, asibitin Jega za mu. Don Allah ka taho.

Lailatu

Jega, Juma'a

Yaya,

Na gode da ka taho asibiti, barka da komawa Aliero. Aman Inna ya tsaya, ƙahwahun Baba sun hwara saɓewa. Yanzu ƙwayoyin na ƙulle a bakin zanen Inna, ba ta barin shi sai ta ga ya haɗiye. Ɗazu ya kira ni gehe, a hankali ya ce, "Masu binciken nan, yaushe za su gama?" Na ce ban sani ba, Baba.

Sai na ji ka.
Lailatu