Inna Ta Ɗauke Min Keke Don Kada In Rame

Assalamu alaikum Goggo Zulai. Don Allah ki taimaka min da shawara. Kaina ya ɗaure, na rasa maganar wa zan bi tsakanin mahaifiyata da mutanen asibiti.

Ni malamin firamare ne, ina zaune a Jiga Birni, ina koyarwa a Aliero. Tun tasowata siriri ne ni, har ɗalibai suna ce min Malam Kara a bayan idona. Shekara da shekaru a keke nake zuwa aiki in dawo, da yamma in leƙa gona. Ban taɓa ɗaukar wannan motsa jiki ba, a wurina hanyar zuwa makaranta ce kawai.

Da korona ta zo aka rufe makarantu, sai na jingine keken. Yayana Gado dillalin albasa ne, shi ma tafiye-tafiyensa suka ragu, sai muka koma zaman rumfarsa. Shayi da burodi da safe, fura da rana, balangu bayan la'asar, in koma gida in tarar da tuwo. Ba yunwa ba ce, rashin abin yi ne. Kafin a buɗe makarantu wandunana duk sun ƙi shiga. Ranar da aka koma na hau keken, ban yi nisa ba na sauka ina haki a bakin hanya. A watan na sayi babur.

Goggo, ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗin ƙibar nan. Mutanen da a da suke ɗaga min hannu su wuce suka fara tsayawa mu gaisa. A wani ɗaurin aure a Maiyama aka tayar da wani aka ba ni kujera, abin da bai taɓa faruwa da ni ba. Inna kuwa ta fi kowa murna. Babanmu ramewa ya yi ta yi har ya rasu, ba a gano ciwon ba, shi ya sa ba abin da take tsoro kamar rama.

Bara abubuwa suka fara. Gwiwa, ciwon kai, in na ɗago daga sujada sai in ji jiri. Matata Mufida ta matsa min har na je asibiti a Jega. Suka ce jinina ya hau, suka ba ni magani, suka ce in rage gishiri da maiƙo in koma motsa jiki. Na kakkaɓe keken na sa masa sabuwar taya. Da farko na sha wuya, daga baya hakin ya ragu, ciwon kan ya tafi, riguna suka fara yi min yawa.

Nan rikicin ya taso. A kasuwa ana tambayata ko na sayar da babur ne, wasu har sannu suke min kamar mai jinya. Inna ta kira ni ɗakinta, ta kama wuyan hannuna tana dubawa, ta fashe da kuka ta ce, "Haka na ga ubanka ya fara." Ta ce Mufida ce take min horon yunwa, yanzu da ƙyar take amsa gaisuwarta. Juma'ar da ta wuce na dawo daga masallaci na tarar ta sa an shigar da keken ɗakinta, har ta rataya masa zannuwa. Ta ce ba ta yafe ba in na sake hawansa.

Abin da ya fi rikita ni, ni kaina na fara shakka. Wani lokacin in ce ko Inna ce mai gaskiya, ciwon Baba ne ya kama ni nake cewa keke ne? Wani lokacin in ji kewar girman da ake ba ni, sai kunya ta kama ni. Ga tsoron fushin uwa, ga ciwon kan ya fara leƙowa tun da na koma babur. Mufida ma na san tana cikin damuwa. Mi ya kamata in yi?

Mai keke, daga Jiga Birni

*

Wa alaikumus salam, ɗana.

Kwantar da hankalinka. Abin da ya same ka ya sami mutane da yawa. Motsin jikinka yana cikin hanyar aikinka ne, da aka rufe makaranta sai ya tsaya, cin abinci kuma bai tsaya ba.

Kada ka ɗauki Inna a matsayin wadda ba ta gane ba. Matar da ta zauna tana kallon mijinta yana ƙarewa, dole gabanta ya faɗi in ta ga wuyan ɗanta ya zurma. Kuma tsoronta yana da tushe, domin akwai ramar da ciwo ke kawowa. Taka ta yi kama da ta mai motsa jiki, tunda ƙarfi ka ƙara ba raguwa ba, amma ni ba likita ba ce, kai ma haka. Ka koma asibiti, ka ba su labarin rashin lafiyar mahaifinka, ka nemi a gwada maka suga da duk abin da suka ga ya dace. Ka tafi da Inna, ta ji da kunnenta, ta yi tambayoyinta. In lafiya lau ce, ku biyu kun huta da zullumi. In an ga wani abu, an gano shi da wuri, ka gode mata.

Keken kuwa ka bar shi inda yake, kada ka ɗauke shi da ƙarfi ko a ɓoye. Kafin nan ka riƙa takawa zuwa gona da masallaci, kuma kada ka daina shan maganinka. Bayan gwajin, ka sa Gado ko wani dattijon da take jin nauyinsa ya roƙe ta ta janye maganarta. Uwar da ta yi furuci don tsoron rasa ɗa ba ta da wuyar sauka in tsoron ya kau.

Mufida ba ta da laifi, kuma kai ne za ka wanke ta. Ka faɗa wa Inna da bakinka cewa asibiti ne suka ce a rage mai, ba ita ba. Sannan ka riƙa cin abinci a gaban Inna, ta ga yadda kake kai loma. Wannan zai fi dogon bayani kwantar mata da hankali.

Kewar kujerar nan ba abin kunya ba ce, kowa yana son a girmama shi. Sai dai 'yan kasuwa za su saba da sabon jikinka kamar yadda suka saba da wancan, su kama wata hirar. Iyalinka kuwa lafiyarka suke bukata.

Allah ya ba ka lafiya mai ɗorewa, ya daidaita tsakanin Inna da Mufida. Ka gaishe min da su, kuma ranar zuwa asibitin ka tuƙa babur a hankali, tsohuwa ka ɗauko.

Goggo Zulai