Gwaggo Ta Tsokani Kakanta, Dakta Ya Mayar Da Wasan Hujja

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a ɓoye sunana, don wanda zan yi magana a kansa ban san ko yana cikin gurup ɗin nan ba, in ma yana ciki ya karanta, na gaji da haɗiye abu ni kaɗai. Don Allah ku ba ni shawara, musamman malamai da masu rubutu da ke cikinmu, don wannan abin ya fi ƙarfin tunanina.

Ni malamar makaranta ce a Haɗeja, amma asalinmu wani ƙauye ne a bakin ruwa ta wajen Kirikasamma. Gidanmu ba mu gaji sarauta ba, ba mu gaji dukiya ba, abin da muke tinƙaho da shi guda ne, kakan babana da ake kira Baba Mai Gora. Masunci ne kuma mai fito, ya yi ƙuruciyarsa a ƙarshen ƙarni na sha tara, kafin Turawa su shigo ƙasar nan. Labarin da muka tashi muna ji shi ne, wata shekara da ruwa ya cika fadama, mahara suka auko wa ƙauyen da rana tsaka. Wasu mazan suka ɗauki makamai suka tsaya, shi kuwa ya jawo gorarsa, babban duman nan da masunta ke kwanciya a kai su ratsa ruwa, ya dinga ƙetarar da mata da yara zuwa wani tudu da ke tsakiyar ruwa inda doki ba ya iya kaiwa. Waɗanda suka tsira a tudun nan su suka sake kafa ƙauyen. Har yau duk shekara in ruwa ya janye muna taruwa a gidan gado, a dafa shinkafa da kifi a yi masa sadaka.

Mutum ɗaya ce ta rage a duniya da ta gan shi da idonta, Gwaggo, yayar babana. Jikarsa ce, ta same shi ya tsufa tukuf, tana yarinya ita ke kai masa kunu. Yanzu ita ma ta tsufa, idonta ya tafi, amma kanta garau yake, bakinta kuwa sai dai a yi shiru.

To akwai ɗan kawuna, zan kira shi Dakta, lakcara ne a fannin tarihi a wata jami'a. Taubashina ne, tare muka tashi, har gobe in ya gan ni sai ya ce ga baiwata mai kan kifi, ni ma in ce masa ragon maza. Ku riƙe wannan, don zan dawo kansa. Shi ne ya zo ya same ni ya ce yana son ya rubuta tarihin rayuwar Baba Mai Gora. Ya ce masana sun gaji da tarihin sarakuna da manyan malamai kaɗai, yanzu ana neman rayuwar talaka, don ta rayuwar mutum ɗaya ana iya hango yadda zamani gaba ɗaya ya kasance. Wallahi sai da na yi ƙwalla don murna. Gwaggo ba ta sakin baki da masu biro, ni na lallashe ta, ni na ce mata ɗan gida ne, ni na riƙa masa rikoda ina matso da ita kusa da bakinta.

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san wasan jika da kaka. Gwaggo ba ta taɓa kiran tsohon nan da wani suna ba sai mijina. In za ta fara labarinsa sai ta ce ragon mijina, matsoraci, da ya ji kofaton doki sai ya faɗa ruwa kamar kwaɗo, mazaje na yaƙi shi yana iyo. Tana faɗa tana dariya har da buga cinya, mu ma muna dariya, Dakta ma har da riƙe ciki. Sai ta gama tsokanarsa sannan ta gyara zama, muryarta ta sauka, ta faɗi yadda ya yi ta kai da kawowa har fatar ƙirjinsa ta saɓule a jikin gora, da yadda tabon ya zauna masa har ya mutu, ita da kanta ta sha shafa masa man shanu a wurin. A nan ba ta dariya, kuka take yi. Duk yana cikin rikodar, ni shaida ce.

Littafin ya fito, da Turanci. Ya aiko mini kwafi, shafin farko ya sadaukar da shi ga Gwaggo. Ina murna ina karantawa har na isa babin da ya yi magana kan ranar harin. Innalillahi. Dakta ya rubuta cewa labarin ceton ƙauye abu ne da zuri'a ta gina daga baya don ta rufe abin kunya, cewa mutumin guduwa ya yi, kuma babbar hujjarsa ita ce, wai jikarsa da ta san shi ta amsa da bakinta cewa matsoraci ne da ya faɗa ruwa mazaje na yaƙi. Ya kawo maganarta kalma da kalma. Bai ce dariya take ba, bai ce wasan jika ba ne. Maganar tabon ƙirji kuwa ya jefa ta can ƙasan shafi da ƙananan haruffa, ya ce irin ƙarin gishirin da ake samu ne a labarin iyali.

Nan take na kira shi. Ban ɓoye ba, na gaya masa ya ci amana, na ce ya shigo gidanmu ya ci tuwonmu ya ɗauki dariyar tsohuwa ya soki kakanta da ita. Shi kuwa ko a jikinsa, sai ya kama yi mini lakca. Ya ce rubuta tarihin rayuwa ba kirari ba ne, in yabo muke so mu nemi maroƙi. Ya ce wannan fanni yana tsakanin tarihi da adabi ne, yana bukatar hujja kamar tarihi, yana kuma bukatar marubuci ya zaɓi zare ɗaya ya bi kamar mai labari, don rayuwar mutum tarkace ce sai an tsara ta take zama labari. Ya ce a ƙa'idar masana, in mutumin da ake rubutu a kansa bai bar takarda ba, maganar da danginsa suka faɗa wadda ba ta yi masa daɗi ba ta fi nauyi a kan wadda suka yabe shi da ita, don kowa yana yabon nasa.

Na ce masa na yarda kowa yana yabon nasa, amma ai a wurinmu zagin jika shi ne yabon, kuma ya fi ni sani. Na tambaye shi, in wani ya naɗi muryata ina ce masa ragon maza, ya buga a littafi cewa 'yar uwarsa ta tabbatar Dakta rago ne, zai kira wannan bincike? Sai ya faɗi abin da ya fi ƙona mini rai. Wai ya san wasa ne, amma masu karatun waje ba za su gane ba, kuma in ya tsaya bayani babin zai yi rauni. Kun ji fa. Da baƙo ne ya yi kuskure da na yafe, wannan yana sane ya yi.

Sai dai zan faɗi gaskiya, don ba na son ku yi mini hukunci da rabin magana. Ya gaya mini abu biyu da suka tsaya mini a rai. Na farko, ya ce sau da yawa abin da iyali ba sa iya faɗa kai tsaye, a cikin wasa suke fitar da shi. Na biyu, ya ce ya je wani gida a ƙauyen da ke maƙwabtaka da namu, zuri'ar ɗaya daga cikin mazan da suka tsaya, su nasu labarin shi ne kakansu ya iso bakin ruwa da rauni yana kiran mai gora, mai gora bai dawo ba. Ban taɓa jin wannan ba. Mai yiwuwa ƙarfinsa ne ya ƙare, mai yiwuwa tsoro ne ya kama shi a ƙarshe, ɗan Adam ne. Da Dakta ya jera duka, namu da nasu da wasan Gwaggo a matsayin wasa, ya bar mai karatu ya auna, wallahi da ban ce uffan ba ko da zai yi mini ciwo. Abin da ba zan iya haɗiyewa ba shi ne ya sa tsohuwa ta ba da shaidar da ba ta bayar ba, a kan mutumin da ta fi so a duniya. Da na matsa masa, iyakar abin da ya ce shi ne in an sake bugawa zai duba yiwuwar ƙara ɗan bayani. Gwaggo ce za ta jira sake bugu?

Ga inda matsalar take. Ruwa ya fara janyewa, sadakar bana ta matso. Dakta da kansa ya kai wa Gwaggo kwafinta, ta naɗe shi a sabon kallabi ta ajiye a gefen filo, duk wanda ya shigo gaishe ta sai ta ciro ta ba shi ya taɓa, ta ce mijinta ya shiga littafi. Ta riga ta sanar wa dangi kaf cewa ranar sadaka ni zan karanta, in riƙa juya mata da Hausa a gaban kowa, tunda ni na kawo mai rubutun. Dakta ma ta gayyace shi, ya ce zai zo.

In na karanta yadda yake, na san Gwaggo, ba za ta zagi kowa ba, juya fuska bango za ta yi, ta tafi kabari tana ganin bakinta ne ya tozarta kakanta. In na sauya, na faɗi abin da take son ji, akwai 'ya'yan yayyena da suka yi boko za su gane, kuma ni ma na zama Dakta ke nan, na zaɓi abin da ya yi mini na binne sauran. In na ce ba zan karanta ba, wani za ta miƙa wa, wanda ba zai tausaya mata ba. Maigidana ya ce in same ta ni da ita in gaya mata tun kafin ranar. Na je da niyyar haka shekaranjiya, na zauna a bakin gadonta ina neman ta inda zan fara.

Kafin in buɗe baki ta lalubo hannuna ta ɗora a kan littafin. Ta ce, “Uwata, ranar nan ki fara da wurin da na tsokane shi. Allah ya sa yaron nan bai cire ba. Duk masu tsokanarsa sun mutu, ni kaɗai na rage masa.”

Na ce mata bai cire ba, Gwaggo, yana nan. Ta yi dariya ta ce Allah ya yi masa albarka. Na tashi na fito ban gaya mata abin da ya kai ni ba.

'Yan uwa, ku da kuka san rubutu da ku da kuka san tsofaffi, ranar nan in ta ce bismillah Uwata karanta, me zan karanta mata?