Kawu Ya Sare Mini Cibiyoyi

Daren Alhamis, Dogon Dutsi, shekara ta uku da samun 'yanci

Har yanzu raina tafasa yake.

Tun safe nake taka mashin ɗin juya icce, ina fidda mariƙan garmar shanu da manoman Kiyeshe za su karɓa gobe. Kowane mariƙi na bar masa 'yar cibiya a kai da gindi, don nan ne ƙarfen mashin ke kamawa. Sai an mayar da shi kan mashin an mulmule bakin ya yi sumul, kana a yanke ta.

Na tafi sallar la'asar, na dawo na iske Kawu Dari zaune da gizagonsa, ya sare cibiyoyin duka. Har murmushi yake. Wai, "Ɗana, mashin ɗin Nasaran nan naka bai iya gama aiki ba, na ƙarasa maka."

Yanzu ba inda ƙarfe zai kama. Bakin kowanne kaca-kaca, in manomi ya riƙe sai ya yage masa tafi. Ni ko na durƙusa na ce, "Sannu da aiki, Kawu." Me zan ce wa wanda ya fara ɗora mini gizago a hannu?

Na gwada gyara ɗaya da wuƙa, na ƙara ɓata shi. Duk garin nan mutum guda ne zai iya mulmule su da hannu kafin hantsi, shi ne Kawun. Da asuba zan je in roƙe shi, kuma na san da murmushin da zai tarbe ni.