Cimar Filipin a Kafen Abdu

Damagaram, daren Laraba, tsakiyar bazara

Kai, mun ci gaba! Abdu mai kafe na bakin tasha ya sake allon abincinsa, yanzu cimar Filipin muke ci kamar manya. Wani ɗan can ƙasar mai haƙa rijiyoyin agaji ne ya koya masa. Ga lugaw, ga adobo, ga salabat. Gaskiyar magana, faten shinkafar agaji ne da tafarnuwa, da naman saniyar da fari ya tsotse an jiƙa shi da ruwan tsami na binegar don haƙori ya iya, sai ruwan citta. A kan bencin nan Abdu yake dama mana fura a da, mai kaurin da ludayi ke tsayawa a ciki.

Yaya Sani ya zo daga Hamdara neman irin gero, nasu sun cinye. Na kai shi can in burge shi. Ya ɗanɗana faten, ya dube ni.

"Ƙane, wa ba shi da lafiya?"

Abdu ya ce, "Haba Baba, abincin ƙasar waje ne!"

Yaya ya ce a nuna masa ɗanyar shinkafar. Ya murza ƙwayoyin a tafin hannu, ya mayar cikin buhu. "An kashe ta. Ba ta tsira."

Ya dai cinye tas. Muka daɗe muna hirar tumun da Inna ke gasa mana a bakin gona, mu dawo gida baki duk toka.

Na zaga kasuwa har magariba. Duk wayona, ko awon tiya ɗaya na irin gero ban samo masa ba, gobe kuma zai koma. In Allah ya kawo ruwan da muke ta roƙo, me zai jefa a rami?