Rasuwar Muallima Savribegim, Mai Injin Gwangwani

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Allah, Ƙungiyar Malaman Kimiyya ta Kwarin Bartang ta samu labarin rasuwar uwa a gare mu, malamar malamai, Muallima Savribegim Nekushoeva, wadda Allah Ya yi wa cikawa ranar Talata a gidanta da ke garin Rushon bayan doguwar jinya.

Duk wanda ya zauna a ajinta ba zai manta da shekarar da ƙanƙara ta rufto ta toshe hanya ba, wuta ta ɗauke, iyaye suka janye 'ya'yansu daga makaranta, alhali jarrabawar fita na ƙaratowa. Marigayiya ta bi gida-gida ta tattaro ɗalibanta da iyayensu zuwa ɗakinta, ta fito da wani ɗan inji mai ƙafa irin ta keke da ta ƙera da gwangwani da waya, ta ɗora shi a bakin kofin shayin Bobo Davlatnazar, dattijon unguwa, shayin na tururi, ta zuba ƙanƙara a saman injin, ta ɗan taɓa ƙafar injin. Sai ƙafar ta kama juyawa ita kaɗai, ba fetur, ba lantarki.

Bobo ya ja da baya ya ce, "Muallima, aljani kika kulle a ciki?"

Ta ce, "In aljani ne, Bobo, shayinka yake sha."

Daga nan ta mayar da injin kan dunƙulen ƙanƙara, ya juya ta baya, ta nuna mana cewa tazarar da ke tsakanin zafi da sanyi ita ke haifar da motsi. Washegari ba yaron da aka bari a gida. Da yawa daga cikinmu a ɗakin nan muka zama malamai, wasu kuma su ke kula da tashoshin wutar ƙauyukanmu a yau.

Muna miƙa ta'aziyya ga mai gidanta, Ustod Mamadsho, da 'ya'ya da jikoki. Allah Ya jiƙanta, Ya haskaka makwancinta, Ya ba su haƙurin jure wannan babban rashi.

Mun nemi iyalinta su ba mu injin mu adana a gilashi, suka ce ta hana, ta bar wasiyya a ba yaran makaranta su kwance shi, in ya lalace su ƙera wani. Ranar Litinin za a ba su.

Sa hannu:
Aidarbek Shodmonov
Sakataren Yaɗa Labarai na Ƙungiya