Igiyar da Kika Ɗaure wa Akwatina

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hauwa, wadda ke kwance a maƙabartar ƙauyenmu, yamma da garin Hajj Abdalla.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ina sanar da ke na iso Khartum lafiya. Babbar jami'ar nan da ake cewa sai ta tankaɗe ta rairaye kafin ta ɗauki mutum, ta ɗauke ni. Sun yarda da karatun da na yi a ma'ahadi, makarantar nan ta garin Madani, kafin in bari, sun sa ni aji na biyu. Na girmi kowa a ajin. Ranar farko har wani ɗalibi ya miƙe ya ba ni kujera, yana zaton ni ne malamin. Da kina nan da kin yi dariya har kin share ido da bakin mayafi.

Amma ba wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Maganar akwati ce.

Kin tuna ranar da na dawo daga Madani bayan rasuwar Baba. Lori ya sauke ni a bakin tur'a, babbar magudanar ruwa, na ƙaraso gida da akwatin ƙarfe a ka. Hawashar Baba, gonar audugar da hukuma ta ba shi, dole a sami namiji baligi ya tsaya a kanta, in ba haka ba a ba wani. Ƙanena Isiyaku bai kai ba. Don in kwantar miki da hankali na ce shekara guda kawai zan yi in koma makaranta. Na zaci za ki sa mini albarka. Sai na ga fuskarki ta canza, kamar an sake kawo miki labarin mutuwa. Kika ce, "Shekara guda. Haka ubana yac ce."

Na san labarin tun ina ƙarami, ban dai taɓa tsammanin ya shafe ni ba. Kin baro ƙasar Sakkwato kina yarinya, kina bin jakin mahaifinki da ƙafa, da niyyar Makka. Guzuri ya ƙare a Jazira. Mahaifinki ya ce a tsaya a ɗebi auduga shekara guda, sannan a wuce. A nan aka binne shi. A nan kika yi aure, kika haife mu, furfura ta fito miki, amma ko sau ɗaya ban ji kin kira wurin nan gida ba. Kullum cewa kike, "Ba mu zamna ba, zango munka yada." Larabawan kasuwa, da ke kiran kowace dattijuwa Hajja, in sun kira ki haka sai ki ƙi waiwayawa. In sun matsa ki ce, "Ban tai ba tukuna."

Ga kuma ƙunshinki, wanda ke rataye a rufin ɗaki tun kafin a haife ni, ɗaure da irin ɗaurin kayan jaki da mahaifinki ya koya miki. Ba mai taɓa shi.

Washegarin dawowata kika samo igiyar kaba, kika yi wa akwatina wannan ɗaurin, kika ja shi bakin ƙofa inda kowa zai yi tuntuɓe da shi. Kin yarda in kwance in ɗauki littafi, amma da na mayar sai ki zo ki sake ɗaurewa. Kwance ɗaurinki kuwa aiki ne, sai farce ya yi zafi.

Kin hana ni gina ɗakin kaina, na yi ta kwana a rumfa kamar baƙo. Da Kawu Bello ya kawo mini dashen dogon yaro don in sami inuwa, kafin in dawo daga gona kin ba akuya. Kika ce matafiyi ba ya dasa itace. Kawu ya fita yana faɗa, wai bai taɓa ganin uwar da ke korar ɗanta da rana tsaka ba. Matan unguwa ma sun faɗi nasu. Ni kaina na ji haushinki, Inna, ƙwarai da gaske. Ina yini tsaye cikin taɓo ina juya ruwa daga kunya zuwa kunya, in dawo ƙafa duk faso, abin da zai fara tarbata shi ne akwati.

Shekara guda ta wuce, wata ta bi ta. Abin da ke ba ni tsoro yanzu in na tuna, ba wahalar ba ce. Na fara jin daɗi. Na iya zama gaban mai shayi a kasuwar Hajj Abdalla, ana hirar tsutsar auduga da ranar da ruwa zai zo layinmu, har a nemi ra'ayina. Wata rana a tsakar gida na ce "gonata". Kina tuƙa kullun gurasar kisra, hannunki ya tsaya. Kin dube ni ne kawai, na ga ba ni kike gani ba, mahaifinki kike gani.

Da na ji jami'a na karɓar 'yan kaɗan daga waɗanda suka yi ma'ahadi in sun ci jarrabawarta, na je na zauna, na faɗi. Na dawo ina jan ƙafa, ina ce wa kaina shi ke nan, kowa da rabonsa. Ba ki tambaye ni ba. Kin ajiye mini abinci, kika durƙusa gaban akwati kika ƙara tamke igiyar. Kika ce, "Wanda yaf faɗi bisa hanya, ai bisa hanya yake."

Zama na biyu na yi shi kina fama da zazzaɓin damina. Da na dawo na mayar da littattafai, kika rarrafo daga shimfiɗa. Na ce ki bari. Kika ture hannuna. Yatsunki suka gaza, ƙullin ƙarshe sai da haƙori kika ja shi. Ba ki sake tashi ba, kuma ba ki ji sakamakon ba.

Ranar da kika rasu, mata suka sauko da ƙunshinki. Sun yi ta fama da ɗaurin, ya ƙi, ga rana na yi, ga mutane na jira. Sai suka sa wuƙa. Farin ƙyalle ne a ciki, wanda kika tanada don tsayuwar Arfa. Da shi aka yi miki likkafani. Ina zaune a rumfa aka fito da guntayen igiyar aka zubar bayan danga. Na ga gawarki ban yi kuka ba, Inna, amma da na ga igiyar nan a yanke sai da aka riƙe ni.

Isiyaku ya girma, an mayar da hawasha sunansa. Yana gaishe ki. Ya dasa dogon yaro a tsakar gida, ban hana shi ba.

Na kawo akwatin nan ɗakin ɗalibai da ɗaurinki a jikinsa, na kasa kwancewa. Makonni ina aron littafi, nawa na kulle a gabana. Abokin ɗakina, wani ɗan Sannar mai barkwanci, ya ce, "Ya zol, mutumina, gawa ka ɓoye a ciki?" Ya miƙo mini wuƙa. Ban san lokacin da na daka masa tsawa ba, sai daga baya na ba shi haƙuri. Ko da rana tsaka in na shigo ɗakin, sai in ga kamar kina durƙushe a wurin, kin ba ni baya, kina jan igiya.

Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, na zauna a ƙasa na fara. Farce ya gaza. Na sa haƙori daidai inda naki ya bar shaida, na ja a hankali har ta saki. Ba komai a ciki sai littattafaina da ƙamshin hayaƙin ɗakinki.

Na kwashe littattafan, na ce bari in mayar da ɗaurin yadda yake. Na juya igiyar ta nan, na juya ta can, har la'asar. Ban iya ba. Duk shekarun nan ina kallon hannunki ina jin haushi, ban koya ba, kuma babu sauran wanda zan tambaya.

Igiyar na nan, na naɗe ta na ajiye. Na yi niyya, in Allah Ya ba ni rai, zan tsallaka Bahar Maliya da ita, in yi miki hajjin da kika taso dominsa. Ban ce miki nan da shekara guda ba. Ina tsoron wannan maganar yanzu.

Ya Allah, Ka gafarta wa baiwarKa Hauwa, Ka yalwata mata kabarinta, Ka haɗa ta da mahaifinta da mijinta a gidan da ba a tashi. Ka rubuta mata ladan tafiyar da ta fara da ƙafarta tun tana yarinya, domin ba ta taɓa kwance niyya ba. In an kira ta Hajja a can, Ka sa ta waiwaya. Amin.

Ɗanki da ke kan hanya har yanzu,
Usmanu