Sun Sunkuyar da Kai

Daren Talata, Fagge



Yau yaran ajina sun ishe ni da jifan juna da alli, sai na haɗe rai na tsare su da ido. Duk suka sunkuyar da kai, yadda aka koya musu a gida in babba ya yi fushi. Har daɗi na ji. Tun da na fara aikin nan a Sabon Gari ban taɓa ganinsu a natse haka ba.

Sai hayaƙi ya fara shigowa ta taga. Janareton shagon bayan makaranta ne ya kama da wuta. Na ƙwalla ƙara, na manta kurame nake koyarwa. Na yi ta yi musu alamar fita da hannu, babu mai kallona. Ladabi suke yi mini. Sai da na bi su ɗaya bayan ɗaya ina ɗago haɓarsu. Ummi, ƙaramarsu, ta runtse ido, ta zaci mari ne. Ɗaukarta na yi.

Kowa ya fita lafiya, alhamdulillahi. Hajiya shugabar makaranta ta ce, "Sannu Malama, kin yi ƙoƙari, je ki sha ruwa." Na kasa gaya mata ni na sa suka daina kallona.

Ko tuwon dare ban iya ci ba. Inna ta tambaya, na ce mata kaina ne ke ciwo.

Gobe dole in fara koya musu kallon tsabar idona ko ina cikin fushi, abin da Inna ta sha dukana a kansa.